Mudu Ɗaya Ga Kowa: Hukuncin Ƙeta A Filayen Wasanmu Da Darasi Daga Zari-Ruga

Duk lokacin da hukumar shirya gasar Firimiyar Nijeriya ta fitar da sanarwar hukunci a kan wata ƙungiya ko wani ɗan wasa, tambayar farko da ke fitowa daga bakin masu sha'awar ƙwallo a Kano ba ta sauyawa: “To, su wane da suka yi irin wannan bara, me aka yi musu?” Ana jin ta a teburan masu shayi da ke kewayen tashar jirgin ƙasa, ana jin ta a gidajen kallon ƙwallo na Fagge da Sabon Gari, har ma a ɗakin hutun malamai a jami'a. Wasu na ɗaukar ta a matsayin ƙorafin wanda aka kama da laifi yana neman abokin tarayya. Ni kuwa a ganina tambaya ce mai tushe, domin hukuncin da ba ya iya amsa ta ba ya gyara mai laifi, ba ya kuma tsoratar da na baya. Abin da yake haifarwa shi ne zargi, zargi kuwa a filin wasanmu yakan ƙare da jifa.

Ina so in bi wannan tambaya tun daga gida, sannan in ɗauki mai karatu zuwa wani wasa da ba mu cika kallo ba, wato zari-ruga mai 'yan wasa 13, inda aka daɗe ana fama da ita, aka kuma gina mata tsarin da ya cancanci a duba shi, har da wuraren da ya gaza.

Ba banza ba muhawarar ta fi zafi a wannan yanki na birni. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba kuma aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ya kwaso daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tare da akawu da makanikai da masu awon gyaɗa ƙwallon ƙafa ta samu gindin zama. A 1953 tawagar Kano ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa, a 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar lig, sannan aka kafa Kano Pillars a 1990, wadda ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Tsohon filin Pillars yana Sabon Gari, haka ma dandalin dambe na Ado Bayero. Mutanen wannan yanki sun gaji kallon wasa kaka da kakanni, sun kuma gaji ciniki da sikeli da mudu. Wanda ya tashi a inda ake awo ba ya buƙatar a koya masa cewa mudun saye da mudun sayarwa dole su zama ɗaya.

Mu duba tarihin hukuncin da aka yi wa Sai Masu Gida a shekarun nan. A watan Yunin 2019, a gasar ƙungiyoyi shida da aka buga a filin Agege da ke Legas, wasan Pillars da Enugu Rangers ya tashi 1-1, magoya baya suka kutsa cikin fili. Kamfanin LMC da ke gudanar da gasar a lokacin ya ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8, ya kuma dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A watan Afrilun 2022 aka tsayar da wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bayan rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukuncin ya ƙunshi tarar naira miliyan 9, da cire maki uku, da mayar da wasannin gida zuwa Abuja. A watan Yunin wannan shekarar aka kori shugaban ƙungiyar na lokacin daga harkokin gasar saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada, a ƙarshen kakar kuma Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Sai ga Oktoban 2025: Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, aka tashi 1-1, aka far wa alƙalai. Tarar ta zama naira miliyan 9.5, aka cire maki uku da ƙwallaye uku, aka rufe filin, aka tura ƙungiyar Katsina.

Ban kawo wannan jeri don in wanke kowa ba. Duk wanda ya ɗaga hannu a kan alƙalin wasa ya ci amanar wasan da amanar garinsa, kuma babu wani kuskuren busa da zai halatta masa hakan. Na kawo shi ne domin akwai abubuwa biyu a cikinsa da suka shafi batun mudu.

Na farko shi ne nauyin tarar. A ido, miliyan 8 da miliyan 9 da miliyan 9.5 sun yi kama da hukunci mai hauhawa a hankali. Amma a 2019 dalar Amurka tana wajen naira 360 ne, wato tarar Agege ta haura dala 22,000. A Oktoban 2025 dala ta wuce naira 1,400, wato tarar baya-bayan nan ba ta kai dala 7,000 ba. Ƙungiyar da ta maimaita laifi karo na uku ta biya ƙasa da sulusin abin da ta biya a karon farko, in aka auna da ainihin darajar kuɗi. Adadin da ke rubuce ya tsaya kusan wuri guda, raɗaɗinsa kuwa ya zube. Ƙari a kan haka, mafi yawan ƙungiyoyin gasar mallakin gwamnatocin jihohi ne, don haka tarar daga baitulmali take fitowa, wato daga aljihun malamin firamare da mai dako, waɗanda ba su jefi kowa ba.

Na biyu shi ne hikimar korar ƙungiya daga gidanta. An tura Pillars filin Muhammadu Dikko na Katsina a kan cewa na Kano ba shi da aminci. Ba a cika wata guda ba, a watan Nuwamba, rikici ya tashi a wannan filin na Katsina yayin wasan Katsina United da Barau FC, aka ji wa ɗan wasan Barau rauni, hukuma ta ci Katsina United tarar naira miliyan 9, ta tura ta Jos. Mai hankali zai tambaya: da wane ma'auni aka tabbatar da amincin filin da aka kai Pillars? Idan amsar ita ce babu wani ma'auni sai kusanci da samun fili, to ashe muna ɗauke matsala ne daga wannan gari mu ajiye ta a wancan, an gudu ba a tsira ba.

Wannan a ɓangaren 'yan kallo ke nan. A cikin fili kuwa, inda ƙetar ɗan wasa ga ɗan'uwansa take, Kanawa suna da misalin da ba za su manta ba. Ranar 17 ga Yunin 2010, a gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, Nijeriya tana gaban Girka da ci ɗaya sai ɗanmu Sani Kaita, tsohon ɗan wasan Pillars, ya kai wa Vasilis Torosidis shuri a bakin layi. Aka ba shi jan kati nan take, Girka ta ci 2-1, ya dawo gida da nauyin ƙasa a kansa. Ranar 11 ga Yuli, a wasan ƙarshe na wannan gasa, Nigel de Jong na Holan ya dasa wa Xabi Alonso na Sifaniya takalmi a ƙirji, alƙalin wasa Howard Webb ya ba shi katin gargaɗi kawai. Daga baya Webb da kansa ya yarda cewa jan kati ya kamata. Korar Kaita tana kan ƙa'ida. Abin da ke ci wa mutane rai shi ne gasa ɗaya, littafin doka ɗaya, tsakanin laifin biyu kwana 24, wanda ya fi muni kuma shi ya sha da sauƙi.

To yaya masu wasan da ya fi ƙwallon ƙafa haɗari suke yi? Zari-ruga ta rabu gida biyu a 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila, waɗanda yawancin 'yan wasansu ma'aikatan ma'adinai da masaƙu ne, suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle saboda an hana a biya ɗan wasa ladan ranar aikin da ya rasa. Daga nan aka samu mai 'yan wasa 15 da mai 'yan wasa 13, wadda ake kira Ragbi Lig. Ba baƙon wasa ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. Ƙungiyar Barewa ta daɗe tana buga zari-ruga a Kano, kuma a 2019 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar Ragbi Lig ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas, ta kuma lashe ta.

A wannan wasa karo da kayarwa halal ne. Ƙato mai nauyin kilo ɗari yana tahowa da gudu, aikinka ka tare shi da jikinka. Tazarar da ke tsakanin tara mai kyau da wadda za ta karya muƙamuƙi ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Saboda haka gasar NRL ta Ostareliya ba ta bar maganar a hannun alƙalin fili shi kaɗai ba. Alƙali zai iya fitar da ɗan wasa na minti goma, ko ya kore shi gaba ɗaya, amma wannan hukuncin gaggawa ne. Bayan an tashi, akwai kwamitin bitar wasa da ke sake kallon bidiyon kowace karawa, ko alƙali ya busa ko bai busa ba. Kwamitin yana sanya kowane laifi a gurbinsa, misali tarar da ta taɓa kai ko wuya, ko jefa mutum ta ka, ko bangaza da kafaɗa wadda aka haramta tun kakar 2013. Sannan ya ba laifin mataki, daga na ɗaya zuwa sama, gwargwadon ƙarfin karon da haɗarinsa da kuma ko sakaci ne ko ganganci. Kowane mataki yana da hukuncinsa a rubuce a jadawalin da kowa zai iya karantawa, kuma yana ƙaruwa idan laifin na biyu ne ko na uku. Wanda ya amsa laifinsa da wuri ana yi masa rangwame. Wanda ya musanta sai ya gurfana gaban kwamitin shari'a da lauyansa, yana kuma da damar nuna bidiyon wani laifi makamanci da aka ba wa mataki mafi sauƙi, ya ce a auna shi da wannan. Laifin da ya wuce jadawali kai tsaye ake miƙa shi ga kwamitin. A haka James Graham ya sha dakatarwar wasa 12 bayan an same shi da laifin cizon kunnen Billy Slater a wasan ƙarshe na 2012. A Ingila ma akwai irin wannan tsari mai matakai, wanda ya dakatar da Ben Flower na Wigan wata shida saboda naushin da ya yi wa Lance Hohaia yana kwance a wasan ƙarshe na 2014.

Mai karatu ya lura da wannan dama ta kawo misali. Tambayar da ake yi a teburin mai shayi a Fagge, “su wane fa?”, a can an mayar da ita hujjar da doka ta amince a gabatar a gaban masu hukunci, kuma dole su saurara.

Duk da haka tsarin bai kashe muhawara ba, kuma tarihin ƙungiya guda, Melbourne Storm, ya isa shaida. A 2008 aka dakatar da kyaftin ɗinta Cameron Smith wasa biyu saboda riƙon wuya, ya rasa wasan ƙarshe, Manly ta lallasa su 40-0. A 2018 aka tuhumi Billy Slater da bangaza da kafaɗa mako guda kafin wasan ƙarshe, wanda shi ne zai zama na bankwanarsa. Kwamitin shari'a ya wanke shi, ya buga, mutane da dama kuma suka ce sunansa da girman ranar ne suka cece shi. A 2024 Nelson Asofa-Solomona na wannan ƙungiya ya taɓa kan Lindsay Collins a wasan kusa da na ƙarshe, ya sha dakatarwar wasa biyar, ya kalli wasan ƙarshe daga benci. Magoya bayan kowane ɓangare suna da abin faɗa a kan waɗannan hukunce-hukunce uku har gobe.

Akwai kuma abin da ya faru a watan Mayun 2021. Hukumar gasar, saboda damuwa da raunin ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan bugun kai, ta umarci alƙalai su tsananta a tsakiyar kaka. A zagaye guda da aka buga a birnin Birisben an fitar da 'yan wasa sau 14 na minti goma, an kori uku. Manufar tana da kyau, domin lafiyar 'yan wasa ake karewa. Amma tarar da aka bari ta wuce a makon jiya ita ce ta jawo kora a makon yau, ƙungiyoyi suka yi asarar wasanni a kan ma'aunin da ba a kansa aka fara kakar ba. A 2022 hukumar ta sake fasalin tsarin, ta soke lissafin makin laifi da ake tarawa daga baya, ta sauƙaƙa jadawalin.

Daga wannan tarihi na fahimci cewa rashin daidaito iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai na tsakanin mutum da mutum, inda tauraro ke tsira ƙaramin ɗan wasa ya sha, ko ƙungiyar mai faɗa a ji ta samu sassauci. Maganinsa masu hukunci masu cin gashin kansu, waɗanda ba gwamna ko shugaban ƙungiya ne ya naɗa su ba. Akwai na tsakanin lokaci da lokaci, inda ake tsanantawa idan jaridu sun yi ca, a sassauta idan ƙura ta lafa. Maganinsa a sanar da ma'auni kafin a fara kaka, a kuma tsaya a kansa har ƙarshe. Na uku ya fi wuya, shi ne tsakanin aiki da sakamakonsa. Mutum biyu za su yi ƙeta iri ɗaya, na farko abokin karawarsa ya tashi ya kaɗe jiki, na biyu a ɗauke nasa a makara. A 2021 Latrell Mitchell ya sha dakatarwar wasa shida bayan karon da ya fasa wa Joseph Manu ƙashin kunci, aka yi ta jayayya a kan ko da haka hukuncin zai kai da Manu bai ji rauni ba. A ra'ayina aikin ne ya kamata ya tsayar da mataki, raunin kuma ya zama ƙari mai iyaka da aka rubuta tun farko. In ba haka ba, ɗan wasa zai koyi cewa ƙeta caca ce, in an yi sa'a an sha.

Na san abin da masu gudanar da wasanni za su ce, kuma maganarsu ba ta wofi ba ce. Za su ce babu laifi biyu da suke daidai ta kowace fuska, kuma jadawalin da ba ya lanƙwasa shi ma zalunci ne. Wanda aka tsokana da wanda ya fara ba ɗaya ba ne, haka yaron da ya fara buga gasa da tsohon hannun da ya saba. Na yarda. Amma ba a ce hukunci ya zama iri ɗaya ko ta halin ƙaƙa ba. Abin da ake nema shi ne, idan ya bambanta, a faɗi dalilin bambancin a rubuce, dalilin kuma ya zama wanda za a sake amfani da shi gobe ko da a kan wa ya faɗa. Alƙalan ƙasar Hausa sun san wannan tun kafin zuwan Turawa, domin kwatanta mas'ala da 'yar'uwarta da daidaita masu ƙara a zama da saurare suna cikin ladubban alƙalanci da malamanmu suka karantar. A nan Kano ne ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki da masu hukunci.

Na taɓa zama a kwamitin ladabtar da ɗalibai kan satar jarrabawa na wasu shekaru, abin da na gani a can shi ya ƙara mini yaƙini. Ɗalibin da aka kora ba ya cika jayayya da cewa ya yi laifi, domin takardar da aka kama shi da ita tana gabansa. Abin da ke kawo iyaye da 'yan'uwa da wayar manya shi ne labarin cewa wani ya yi irin haka an ba shi hutun zango ɗaya kawai. A lokacin da muka ɗauki al'adar buɗe kundin hukunce-hukuncen baya a gaban kowa kafin mu yanke sabo, muna rubuta inda sabon ya yi kama da tsohon da inda ya saɓa, sai roƙo ya ragu. Mai son sa baki ya gane cewa alfarmar da zai nema ba ta ɗalibi ɗaya ba ce, za ta shiga kundi ta zama ma'aunin kowa. Rubutu ya kare mu fiye da yadda taurin kai zai kare mu.

Adalci ne a faɗa cewa gasar Nijeriya ba fanko take ba. Tana da kundin ƙa'idoji, sanarwar hukunci takan ambaci dokar da aka karya, ana kuma ba wanda aka tuhuma awa 48 ya amince ko ya nemi a saurare shi. Harsashi ne mai kyau. Ga abin da nake ganin ya rage, ina kuma miƙa shi ga hukumar NPFL da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, da ta Jihar Kano.

Da farko a kafa kwamitin bitar wasa na dindindin, wanda ya ƙunshi tsofaffin 'yan wasa da tsofaffin alƙalai da lauya, ya riƙa kallon kowane wasa bayan an tashi, yana da ikon tuhumar ƙetar da alƙali bai gani ba. Wannan na buƙatar a ɗauki bidiyon kowane wasa da kyamara fiye da ɗaya, domin idan wasu filayen ne kawai ake ɗauka, to waɗanda ake gani ne kaɗai za su riƙa shan hukunci, wannan ma wani rashin daidaiton ne. Na biyu, a wallafa jadawalin laifuka da matakansu kafin kaka, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, a karanta shi a rediyo, a liƙa shi a ƙofar fili. Na uku, a buɗe kundin hukunci a intanet, kowace shari'a da bidiyonta da dalilanta, yadda ɗan jarida a Kano zai iya ɗora hukuncin Pillars kusa da na kowace ƙungiya ya auna da kansa. Na huɗu, a daina ƙayyade tara da adadin da hauhawar farashi ke cinyewa, a ɗaure ta da kason kuɗin shigar ƙungiya, ta kuma riƙa ninkuwa idan an maimaita. Na biyar, a bi mai laifin da kansa. Wanda ya doki alƙali ya aikata laifin da dokar ƙasa ta tanadi hukuncinsa, kotu ce wurinsa, kuma a zamanin da kowa ke riƙe da waya mai kyamara gano shi ba gagara ba ne. Rufe fili ga mutum dubu goma sha saboda ɗanyen aikin mutum hamsin yana hukunta mai sayar da ruwa da mai gyaɗa da ɗan adaidaita, ya bar mai jifan yana yawo. Na shida, alƙalan su ma su shiga ma'auni. Idan an dakatar da alƙali saboda mummunar busa a sanar, a faɗi dalili, domin jama'a su ga cewa akwai hanyar kai kuka wadda ba ta bi ta tsallake shinge ba.

Ƙananan gasanninmu ma suna da rabo a wannan. Wasannin unguwanni da ake bugawa a filayen Fagge da Sabon Gari da Brigade su ne makarantar da yaro ke koyon ko doka tana aiki. Idan ya ga an yafe wa ɗan unguwar masu shirya gasa abin da aka kore shi a kansa, ya ɗauki darasin da zai tafi da shi har filin Sani Abacha. Haka 'yan zari-rugarmu masu tasowa, da yake wasan nasu bai yi girman da siyasa za ta shige shi ba tukuna, yanzu ne lokacin da za su kafa wannan tsari, tun icce yana ɗanye.

Ma'aikatan jirgin ƙasa suna da wani ilimi da ya dace da wannan magana. Tsohon layin da ya taso daga Legas ya iso Kano faɗinsa milimita 1,067 ne tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa taragon da aka loda a Iddo yake iya sauke kaya a nan. Sabon layin da ake shimfiɗawa faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma jirgin wannan ba ya hawa wancan. Gasar da ke da faɗi ɗaya a Aba, wani a Ibadan, wani a Kano, ba za ta kai kowa ko'ina ba, komai kyan taragunta. Masu zuba jari ba sa sa kuɗi a gasar da ba a san ƙa'idarta ba, iyaye kuma ba sa kai 'ya'yansu filin da ba a san yadda za a tashi ba.

Kalmata ta ƙarshe ga 'yan'uwana magoya bayan Sai Masu Gida ce. Haƙƙinmu ne mu nemi a auna mu da mudun da ake auna kowa, kuma ya kamata shugabannin ƙungiya su nemi hakan a rubuce, da hujja, ta hanyar ɗaukaka ƙara. Amma mai neman a yi masa awo da gaskiya ba ya zuwa da tsakuwa a cikin hatsinsa. Sau uku cikin shekara shida ana kiran sunan Kano a sanarwar hukunci mai tsanani, mun kuma ɗanɗana faɗawa rukuni na biyu. Ranar da baƙo zai farke mana ƙwallo a minti na 90, alƙali ya fita da ƙafarsa ba tare da rakiyar 'yan sanda ba, ranar ce muryarmu za ta yi nauyi idan muka tambayi hukuma abin da aka yi wa su wane. Allah Ya ba shugabannin wasanninmu ikon riƙe ma'auni, mu kuma Ya ba mu haƙurin karɓar sakamako.